Shaidar da Ke Cikin Koren Ganye, da Inda Ta Tsaya

Duk wanda ya karanci ilimin tsirrai a littattafan da aka wallafa kafin ƙarshen ƙarni na 20 ya san cewa an raba kuka da kuɓewa, kowace da nata dangin. Kuka da rimi suna dangin Bombacaceae, goro da koko suna Sterculiaceae, lalo yana Tiliaceae, kuɓewa da auduga da rama da yakuwa kuwa su ne 'yan Malvaceae. A yau an haɗe waɗannan dangogi huɗu sun zama ɗaya, duka ana kiran su Malvaceae. Masu girki sun daɗe da sanin cewa miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo duk suna da yauƙi, kuma lallai yauƙi yana cikin siffofin wannan dangi. Sai dai yauƙi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin karkashi ma yana da yauƙi mai yawa, alhali shi ɗan'uwan riɗi ne, babu abin da ya haɗa shi da kuɓewa ta kusa. Abin da ya tabbatar da zumuncin kuka da auduga shi ne binciken da aka buga a shekarar 1999, inda aka kwatanta ƙwayoyin gado guda biyu, wato rbcL da atpB, waɗanda dukkansu ke zaune a cikin kuloroplas, ɗan ƙanƙanin gurbin nan da ke ba ganye launin kore.

Ra'ayina a kan wannan fanni shi ne cewa kundin gado na kuloroplas shaida ce mai ƙarfi idan ana neman dangantaka mai nisa tsakanin tsirrai, amma ƙarfinta yana raguwa ƙwarai idan aka zo bambance jinsi biyu na gida ɗaya, wato 'yan'uwa na kusa a cikin dangi guda, kuma mutane da yawa suna ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Kafin in kai ga dalilin haka, ya kamata a san mene ne shi wannan kundi da kuma inda ya samo asali.

Kuloroplas shi ne wurin da tsiro ke sarrafa hasken rana da ruwa da iskar kabon su zama sukari. Abin mamaki game da shi shi ne yana da DNA nasa na kansa, wato sinadarin da ke ɗauke da rubutun gado, dabam da babban kundin da ke cikin cibiyar tantanin halitta. Tun a 1905 masanin ƙasar Rasha, Konstantin Mereschkowski, ya ce wannan gurbi asalinsa wata halitta ce mai zaman kanta wadda ta shiga cikin wani tantani ta zauna. An yi shekaru ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, har sai da Hans Ris da Walter Plaut suka nuna alamun DNA a cikin kuloroplas a 1962, sannan Lynn Margulis ta sake tayar da zancen da hujjoji a 1967. Yanzu babu sauran gardama a kan cewa kakan kuloroplas wata bakteriya ce mai amfani da hasken rana, daga cikin waɗanda ake kira sayanobakteriya, wadda wani tantani ya haɗiye fiye da shekaru biliyan ɗaya da suka wuce, bai narkar da ita ba, suka ci gaba da zama tare. A tsawon wannan zama, mafi yawan ƙwayoyin gadonta sun ƙaura zuwa cibiyar tantani ko sun ɓace, har abin da ya rage a hannunta bai wuce 110 zuwa 130 ba a galibin tsirran da ke bisa ƙasa, alhali danginta masu zaman kansu suna da dubbai.

Wannan ƙanƙanta ita ce ta sa masu bincike suka fara da shi. A 1986 ƙungiyoyi biyu a ƙasar Japan suka kammala karanta kundin kuloroplas daga farko zuwa ƙarshe, ɗaya a Nagoya a kan taba, inda suka sami haruffan DNA kusan 156,000, ɗayar a Kyoto a kan wani ɗan tsiro mai son danshi mai suna Marchantia polymorpha, wanda nasa ya kai kimanin 121,000. Na shinkafa ya biyo baya a 1989 da haruffa 134,525, na masara kuma a 1995 da kimanin 140,000. Idan aka tuna cewa babban kundin shinkafa da ke cibiya ya doshi haruffa miliyan 400, za a ga yadda aikin ya yi sauƙi. Bayan ƙanƙanta, akwai yawa, domin tantani ɗaya na ganye yana ɗauke da kuloroplas gommai, kowanne kuma da kofi da yawa na kundin, ta yadda za a iya samun dubban kofi a tantani guda. Tsarinsa ma bai cika canzawa ba: akwai dogon yanki ɗaya, da gajeren yanki ɗaya, da kuma wasu yankuna biyu masu kama da juna sak waɗanda ke tsakaninsu, ɗaya yana fuskantar gaba ɗayan yana fuskantar baya. Za ka buɗe na taba ka buɗe na gwanda, ka tarar da yawancin ƙwayoyin gadon a jere iri ɗaya, don haka kwatantawa ba ta da wuya.

Babban sauyi ya zo a 1993, lokacin da Mark Chase da abokan aikinsa 41 suka haɗa jerin haruffan rbcL na tsirrai kusan 500 suka zana bishiyar dangantakarsu. Ita rbcL tsawonta kimanin haruffa 1,400 ne, kuma ita ce ke ɗauke da umarnin gina babban ɓangaren Rubisco, sinadarin da ke kama iskar kabon. Tunda kusan kowane koren tsiro yana buƙatarta, ana samun ta a ko'ina, kuma tana canzawa sannu a hankali, abin da ya sa take riƙe alamar rabuwar da aka yi tun da daɗewa. Daga wannan aiki ne aka sami tsarin rarraba tsirrai masu fure da ake kira APG, wanda ya fara fitowa a 1998, aka sabunta shi a 2003 da 2009 da 2016, kuma na ƙarshen ya lissafa dangogi 416.

Sakamakon ya taɓa tsirran da muke gani kullum. An tabbatar da cewa zogale da gwanda dangoginsu maƙwabtan juna ne na kusa, kuma dukkansu suna babban rukuni ɗaya da kabeji, abin da ya dace da ɗan yajin nan da ake ji a saiwar zogale da 'ya'yan gwanda. An cire ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure ko ruwan hoda da ke tsotse dawa da gero, daga dangin da aka daɗe da ajiye shi, aka mayar da shi Orobanchaceae tare da sauran tsirrai masu rayuwa a jikin saiwar wasu. An gano cewa furen ruwan nan na Asiya mai suna Nelumbo, duk da kamar da yake yi da bado, ba ɗan'uwansa ba ne, zaman ruwa ne kawai ya sa suka yi kama. Gidan Acacia kuwa, wanda a da ya haɗa bagaruwa da ɗakwara da ɗaruruwan itatuwan Ostareliya, ya bayyana cewa ba zuriyar kaka ɗaya ba ce, kuma bayan doguwar taƙaddama a tarukan masana na Vienna a 2005 da Melbourne a 2011, Ostareliya ta riƙe sunan, bagaruwa ta koma Vachellia, ɗakwara ta koma Senegalia. Har yanzu ina ganin hukuncin mallakar sunan bai yi wa Afirka adalci ba, amma ita rabuwar kanta hujja ce ta kawo ta, kuma ba ni da ja a kanta.

Akwai wata irin shaida kuma wadda ba ta haruffa ɗai-ɗai ba ce, ta tsarin kundin ce baki ɗaya. Wani lokaci wani dogon yanki yakan juya kansa, ko ɗaya daga cikin tagwayen yankunan nan ya ɓace, kuma tunda irin wannan ba ya faruwa sau da yawa, duk zuriyar da ta gaje shi takan zama mai sauƙin ganewa. Wasu daga cikin dangin wake, kamar su alfalfa da waken Turawa, sun rasa ɗaya daga cikin tagwayen, alhali wakenmu da gyaɗa suna da nasu biyun. Tsirran da suka daina sarrafa abincinsu ma suna nuna tarihinsu a jikin kundin. Epifagus, wani tsiro a Arewacin Amurka da ba shi da kore ko kaɗan, nasa ya ragu zuwa haruffa kusan 70,000, ya zubar da ƙwayoyin gadon sarrafa hasken rana, domin abin da ba a amfani da shi babu mai tsare shi daga lalacewa.

Duk wannan nasara tana da wata iyaka da ke cikin yadda ake gadon kuloroplas. Tun a 1909 Carl Correns ya lura, a kan wani fure mai ganye rabi kore rabi fari, cewa launin 'ya'yan yana bin reshen da ya ɗauki iri ne kawai, ko daga ina ƙurar furen ta zo. A mafi yawan tsirrai masu fure, kuloroplas daga uwa yake zuwa ta cikin ƙwai, ƙurar fure ba ta kawo nata. Akwai waɗanda suka saɓa, kamar itatuwan fayin (pine) da ke gado ta wajen uba, da wasu 'yan kaɗan da ke karɓa daga ɓangarorin biyu, amma galibi hanya ɗaya ce, kuma kundin yana wucewa a dunƙule ba tare da cakuɗa da wani ba. Wanda ya dogara da kuloroplas kaɗai tamkar mai bin salsalar mutum ne ta wajen uwa, da uwar uwa, da tata uwar, bai taɓa tambayar dangin uba ba. Abin da zai samu gaskiya ne, amma zare ɗaya ne daga cikin zarurruka masu yawa.

Wannan siffa tana da amfaninta, kuma auduga ce misalin da na fi so. Audugar da ake nomawa a yankin Funtua da Gusau, wato Gossypium hirsutum, wadda ita ce kusan kashi 90 cikin ɗari na audugar duniya, asalinta daga nahiyar Amurka take. Masana sun daɗe da sanin cewa ruwa biyu ce, ta haɗa kundin wata auduga ta Afirka da Asiya da na wata ta Amurka, amma ba a san wace ce uwa ba. A 1989 Jonathan Wendel ya nuna cewa kuloroplas ɗinta na ɓangaren Afirka da Asiya ne. Ma'ana, shekaru miliyan ɗaya zuwa biyu da suka wuce, tun kafin wani ɗan'adam ya taka ƙasar Amurka, irin auduga daga wannan ɓangare na duniya ya ƙetare teku, ya tsira a can, ya yi fure, ƙurar audugar can ta sauka a kansa. Gyaɗa ma haka take, domin ta samu ne daga haɗuwar jinsi biyu na daji a yankin kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina, kuma kuloroplas ne ya nuna cewa Arachis duranensis ita ce uwar. A irin waɗannan tambayoyi, bin hanya ɗaya shi ne ainihin abin da ake buƙata.

Matsalar tana tasowa ne saboda tsirrai suna barbara tsakanin jinsi da jinsi fiye da yadda dabbobi ke yi. A ɗauka ƙurar furen jinsi na biyu ta sauka a kan uwa ta jinsi na farko, aka sami ɗiya ruwa biyu, ita ma ƙurar jinsi na biyu ta sake sauka a kanta, aka yi ta maimaita haka zuriya bayan zuriya. A ƙarshe za a sami tsiro wanda ganyensa da furensa da kusan dukkan kundin cibiyarsa na jinsi na biyu ne, amma kuloroplas ɗinsa yana nan na kakar farko. Idan ka gwada shi da kuloroplas, zai ba ka sunan da ba nasa ba, kuma na'urar ba ta yi kuskure ba. An ga wannan ƙarara a itatuwan Quercus (oak) na Turai, inda wani babban bincike da aka buga a 2002 ya ɗebi samfuri daga dazuzzuka sama da 2,600, ya tarar cewa jinsi dabam-dabam da ke daji ɗaya sukan yi tarayya a kuloroplas iri ɗaya, alhali jinsi ɗaya da ke ƙasashe biyu yakan bambanta. Kuloroplas ɗin yana ba da labarin wuri ne, wato hanyoyin da itatuwan suka bi daga Sifen da Italiya da yankin Balkan bayan janyewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe arewacin Turai, bai damu da iyakar jinsi ba. A gidan Ficus ma, wanda ya ƙunshi jinsi sama da 800, ciki har da ɓaure da cediya da durumi da gamji, bishiyar da aka zana da kuloroplas ta saɓa wa wadda aka zana da kundin cibiya a wurare masu muhimmanci.

Da wannan a zuciya ya kamata a dubi batun gane jinsi, wanda shi ne ya fi jan hankalin ɗalibai a yanzu. Buƙatar a fili take. Ka tsaya gaban shimfiɗar mai maganin gargajiya a kasuwa ka duba: ga ɗaurin saiwoyi an yanka su gutsi-gutsi, ga sassaƙe busasshe ya naɗe, ga gari ja da fari da ruwan ƙasa a ƙulle cikin leda. Babu ganye, babu fure, babu 'ya'ya, wato babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da masanin tsirrai ke dubawa ya faɗi suna. Kuskure a irin wannan wuri yana iya kaiwa ga rai. A farkon shekarun 1990, mata sama da 100 a Beljiyam sun kamu da ciwon ƙoda mai tsanani bayan shan maganin rage ƙiba, saboda an sa saiwar Aristolochia fangchi a madadin ta Stephania tetrandra, tsirrai biyu da sunayensu na kasuwa a ƙasar Sin suke kama da juna. Wani ɗan gidan Aristolochia, wanda ake kira duman dutse, yana cikin magungunan da ake amfani da su a ƙasar Hausa. Haka kuma batun katako yake: tun da aka sanya madobiya cikin jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido a 2016, bayan an yi mata mummunar sara a wurare irin su Taraba don fitarwa zuwa Sin, jami'in da ke tsaye a tashar jirgin ruwa yana buƙatar hanyar gane gungumen da aka fere. Alhamdu lillahi, saiwa da ɓawo da itace duk suna ɗauke da wannan kundi ko da ba kore ba ne, domin suna da 'yan'uwan kuloroplas marasa launi, kuma yawan kofinsa yana sa a iya samun wani abu ko daga samfurin da ya tsufa.

A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawarar a zaɓi ɗan gajeren yanki ɗaya na DNA ya zama lambar shaidar kowane jinsi. A dabbobi abin ya yi aiki sosai, amma yankin da suka zaɓa yana canzawa a hankali ƙwarai a tsirrai, don haka aka koma ga kuloroplas. A 2009 wata ƙungiyar masana ta duniya ta tsayar da rbcL da wata ƙwayar gadon kuloroplas mai suna matK, kuma a gwajin da suka yi da kansu, waɗannan biyun sun bambance jinsi a kashi 72 cikin ɗari, sauran kuma an iya kai su ga gidansu kawai. Wannan adadi ba abin rainawa ba ne. Ya isa ya gaya maka cewa garin da aka sayar maka da sunan zogale an cakuɗa shi da wani ganye, ya kuma isa ya raba Aristolochia da Stephania, domin dangoginsu suna nesa da juna. Inda yake gazawa shi ne tsakanin 'yan gida ɗaya da ba su daɗe da rabuwa ba. Da farashin karanta DNA ya sauka, sai aka fara karanta kundin gaba ɗaya a matsayin lambar shaida, kuma lallai haruffa 150,000 sun fi 1,500 na gajerun yankuna nuna bambanci. Amma ƙarin haruffa ba ya magance matsalar gado ta wajen uwa, domin duk haruffan labari ɗaya suke bayarwa. Haka nan DNA ba ya faɗin ko saiwa aka daka ko ganye, ba ya faɗin yawan sinadarin magani ko na guba, kuma a cikin tsimin da aka daɗe ana tafasawa yakan farfashe har a kasa karanta shi.

Shi aikin kansa a hannu yake farawa, ba a kwamfuta ba. Ana tsinko ɗanyen ganye mai lafiya, a yayyaga shi, a sa a 'yar leda tare da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, domin ganyen da ya yi gumi a aljihu cikin zafin rana DNA ɗinsa ya riga ya fara lalacewa. A ɗakin gwaji ana niƙa shi a ɗan turmin tangaran har ya zama gari, a zuba masa ruwan sinadarin CTAB, a ɗumama a ma'aunin zafi 60 zuwa 65. Ganyen kuka da na kuɓewa suna ba da wahala a nan, domin yauƙinsu yakan bi DNA ɗin ya riƙe, ka ɗaga bakin bututu ka ga abin yana ja kamar zare, sai an sake wankewa kafin a sami abin da na'ura za ta karɓa. Mataki mafi muhimmanci kuwa shi ne wanda aka fi sakaci da shi, wato a yanko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya daga wannan tsiro da aka ɗebi samfurinsa, a danne shi tsakanin takardu ya bushe, a rubuta wuri da rana, a ajiye a ma'ajiyar busassun tsirrai irin ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan ko ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Dalilin nacewa a kan wannan shi ne cewa kwamfuta ba ta san sunan kowane tsiro ba. Abin da take yi kawai shi ne ta kwatanta jerin haruffanka da waɗanda wasu suka riga suka zuba a rumbuna irin su GenBank, ta nuna maka wanda ya fi kama da naka. Idan wanda ya zuba na farko ya yi kuskuren suna, kuskurensa zai bi duk wanda ya zo bayansa, kuma idan bai ajiye reshe ba, babu yadda za a koma a duba. Idan kuma babu jinsin naka a rumbun sam, za ta ba ka sunan ɗan'uwansa na Indiya ko na Sin, ka ɗauka ka gama. Shi ya sa nake damuwa da yawan takardun da ke fitowa waɗanda ba su ƙunshi komai ba sai kundin tsiro ɗaya tak, wanda aka tsinko daga wuri ɗaya, aka zana masa zagayayyen hoto mai launi da 'yar bishiyar dangantaka, aka ce an samar da hanyar gane jinsin. Samfuri ɗaya ba zai nuna maka yawan bambancin da ke cikin jinsin kansa ba, kuma sai ka san wannan ne za ka iya cewa ga inda wani jinsi ya ƙare wani ya fara.

Manyan cibiyoyi sun riga sun ɗauki darasi daga wannan. Bishiyar dangantakar tsirrai masu fure da masana na lambun Kew a Ingila suka jagoranta, wadda aka buga a 2024 da jinsi sama da 9,500, an gina ta ne a kan ƙwayoyin gado 353 na cibiyar tantani. Ta tabbatar da mafi yawan abin da kuloroplas ya nuna tun 1993, ta kuma saɓa masa a wasu rassa. Ɗalibin da yake son yin aiki a kan ɗorawa ko kaɗanya ko madobiya, shawarar da zan ba shi ita ce ya ɗebo samfuri da yawa na jinsi ɗaya daga wurare masu nisa da juna, daga Sakkwato zuwa Bauci zuwa Damagaram, ya haɗa da jinsunan da ke kusa da shi waɗanda suke tsirowa a wuri ɗaya, ya ajiye reshen kowanne a ma'ajiya tare da sunan da mutanen wurin ke kiran sa, sannan ya karanta aƙalla yanki ɗaya na cibiya, kamar ITS, ya kwatanta da abin da kuloroplas ya ba shi. Inda biyun suka yi daidai zai iya faɗin sunan da ƙwarin gwiwa, inda suka saɓa kuwa sai ya koma wurin da ya ɗebo samfurin ya duba ko akwai wani ɗan gidan da ke fure a lokaci ɗaya da shi.